Ranar da Na Juya Mota a Bakin Kogi

Shekarar da arzikin mai ya kumbura mana albashi, na sayi 'yar ƙaramar mota. Ranar ɗaurin auren abokina na rantse sai na juya ta a yashin bakin kogi, yadda masu manyan motoci ke yi a Kano.

Makanikena, Malam Sabo, ya ce, "Maigida, injin nan da ƙyar yake hawa gada."

Na yi masa dariya, na take totur, na murɗa sitiyari. Motar ta yi gurnani, ta tona rami, ta zauna daram.

Shanun huɗa aka aro daga ƙauyen Dagumawa suka jawo ni, mata suna ta guɗa.

Har yau, in shanu suka wuce, sai Malam Sabo ya ce, "Maigida, gai da injinka mana."