Makaroni a Aljihun Babbar Riga

Ba zan taɓa mantawa da sallar azahar ɗin da na yi kafaɗa da kafaɗa da Alhaji Sidiƙu ba. Ko da na so in manta, mutanen Ƙonni ba za su bari ba, don garin nan abin kunyar mutum suke riƙewa fiye da sunan ubansa.

Ni bakanike ne, manyan motoci nake gyarawa a bayan tasha. Ɗan ƙauyen Dogarawa ne ni, kuma lakwal ta kore ni tun ban gama ƙaramar makaranta ba (mushen, wato malaminmu, ya ce kaina ba na boko ba ne, daga baya ni na riƙa tayar masa da mushen babur ɗinsa). Da na shigo birni na rantse na rabu da tuwon dawa. Safe burodi da shayi, rana makaroni, marece fanke. In na je ƙauye da salla sai in riƙo dogon burodi a hammata kamar sandar sarauta, ina yi wa ƙannena dariya suna fama da fura.

To, wajen shekarar dubu biyu da uku cikina ya juya mini baya. Zawo ba dare ba rana, kumburin ciki, jiki ba ƙarfi. Na rame har wando ya daina zama sai da igiya. Ka san garin kan iyaka, ka san mai aiki da direbobin manyan motoci: in ya rame, ba a tambayarsa me ke damunsa, an riga an gama masa awo a majalisa. Ƙanjamau, suka ce. Ba wanda ya faɗa mini a fuska. Sai dai mai shayin da na yi shekaru ina ci wa burodi ya ware mini kofi daban, wanda ya yi wa alama da jan zare. Har yau ba na gaishe shi.

Na yi awon jini, ba komai. Na sha saiwoyi har bakina ya manta ɗanɗanon ruwa. A ƙarshe wani lokotoro, babban likita a Yamai, bayan ya gama bincikensa, ya zaunar da ni ya ce akwai wani abu a cikin alkama, gulutan ake ce masa, hanjina ba ya shiri da shi, kuma ba shi da magani sai rabuwa. Ba burodi, ba fulawa, ba taliya, ba makaroni, har abada. Na tambaye shi to me zan ci. Ya ce gero, dawa, masara, shinkafa, wake, rogo. Wato na sha doguwar hanya har Yamai don a ce mini in koma ga abincin uwata.

A gida ba wuya, uwar yara ta ɗauke fulawa daga madafa. Amma ni yini nake a gareji, dole in ci a waje, kuma a nan na gane fulawa ta fi ɗan sanda shiga inda ba a gayyace ta ba. Ɗan wake, da kake zaton wake ne da rogo da kuka, rabin masu yinsa fulawa suke ƙarawa. Wata mai masa ta rantse mini shinkafa ce zalla, cikina ya ƙaryata ta kafin la'asar. Ƙosai ba ruwansa da alkama, amma in a man da aka soya fanke aka soya shi, an gama da ni. Wasu gidajen abinci ma miya suke kaurarawa da fulawa. Haka na bi garin nan layi-layi, da cikina nake gwaji, in ci in jira hukunci. Ba likita ya nuna mini ba, ba boko ba. Ni na gano tsohuwar da ke ƙosai ita kaɗai ba fanke a kaskonta. Ni na gano mai tsiren da ba ya ɗora nama kan burodi. Sama da duka na gano Hajiya Gambo mai dambu a lungun masu albasa: dambun masara da zogale, ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, albasa ɗanya a kai, ba abin da ya haɗa ta da alkama. Ta bar ni na leƙa tukwanenta ranar farko, tana cewa tun da take ba ta taɓa ganin ƙato da gemu yana shinshina madambaci ba. Jikina ya dawo, kumatu suka ciko. Ina alfahari da wannan, kuma ba na neman afuwar kowa.

Abin da ban yi ba shi ne gaya wa mutane. Da hujjata. Wanda ya ware maka kofi, ka je ka ce masa burodi ne ke kashe ka? Cewa zai yi sabon suna ka samo wa ciwon. Na ja bakina, na bar su da nasu.

Ana haka ɗana Isuhu, wanda ke koyarwa a wata makaranta wajen Malbaza, ya ga ɗiyar Alhaji Sidiƙu, Hadiza, ita ma ta gan shi. Alhaji tsohon jandarma ne, wato ɗan sandan soja, ya yi aiki ƙasar nan gabas da yamma kafin ya zauna Ƙonni. A al'ada ƙannena ne za su je neman aure, ni ina gida ina jiran labari. Sun je, an karɓe su da mutunci, amma ba a ce e ba, ba a ce a'a ba. Sai ga saƙo: Alhaji yana so ya ga uban yaron da kansa, su ci abincin rana tare a wani sabon gidan abinci a bakin titi. Ban buƙaci a fassara mini ba. Tsohuwar maganar ta kai kunnensa, yana so ya ga ko ina iya cin abinci kamar mai lafiya kafin ya ba gidana ɗiyarsa.

Uwar yara ta ce in gaya masa gaskiya tun a bakin ƙofa. Isuhu yana tsaye yana murza hula, amma na ga idonsa. Na ce su bar ni da shi, injin da ya fi Alhaji taurin kai ma na kwance. Na sa farar babbar rigata ta shadda, wadda nake ajiyewa don idi, na tafi.

Gidan abincin irin na ma'aikata ne: tebur da kujeru, fanka a sama, cokali mai yatsu. Na yi niyya in ce shinkafa da nama ba miya. Alhaji bai ba ni dama ba. Mutum ne dogo, mai magana kamar yana ba da oda, kafin in gyara zama ya ce a kawo wa baƙonsa abin da ya fi kyau a gidan. Sai ga makaroni tsibi guda, ja wur da tumatir da mai, nama a kai, burodi rabi a gefe. Alkama a kan alkama. In na ci, sati guda ina hanyar bayan gida, in sake ramewa ana tsakiyar maganar aure. In na ƙi, ya samu amsar da ya zo nema.

Na fara da naman, ina kankare shi da kyau, ina tauna a hankali kamar mai haƙori ɗaya. Allah ya kawo mini ɗauki ta wayar salula. Lokacin ba ta daɗe da shigowa ba, kuma cikin ɗakin ba a jin magana sai an fita. Ta yi ƙara, Alhaji ya tashi ya yi waje yana "Alo, alo". Na dubi faranti, na dubi ƙirjina. Duk wanda ya san babbar riga ya san aljihun da ke ƙarƙashin aikin zaren ƙirji, ɗan akuya ma zai kwanta a ciki. Sai tunanin bakanike ya zo mini: in mai zai zuba, ana fara shimfiɗa abin da zai tsotse shi. Na tsaga burodin na shimfiɗa a gindin aljihu, sannan na bi shi da makaroni, cokali bayan cokali. (Ban yi lissafin zafi ba. Tabon na nan har yau, ana iya gani.)

Alhaji ya dawo ya tarar da faranti fes. Ya yi murmushi karon farko, ya ce ashe surukin nasa gwani ne, a ƙaro masa. Na ce alhamdu lillahi na ƙoshi. Ya ce a gabansa baƙo ba ya ƙoshi da faranti ɗaya. Aka kawo. Wayar ta sake kira, ko kuma ya ce ta kira, ya sake fita. Na biyu ya bi na farko. Yanzu ƙirjina ya yi tudu kamar na mai shayarwa, ina zufa, ƙudaje sun bar teburin kowa sun dawo kaina. Na naɗe hannun rigar na rufe wurin, ina ta yi masa hirar tsadar kayan gyara. Cikin raina kuwa ina cewa na ci nasara, saura in kai ƙofa.

Sai aka kira salla.

A gaban gidan akwai ɗan fili da tabarmi inda masu shaguna ke jam'i. Na ce zan yi tawa a gareji. Alhaji ya dube ni kallon da na san ya sha yi wa ɓarayin shanu, ya ce salla ta same mu tare. Na yi alwala a tsugune, baya a miƙe kamar an ɗaura mini katako. Muka shiga sahu, shi a damata.

Tsayuwa lafiya. Ruku'u na yi shi rabi-rabi, na danne bakin aljihu da haɓa, na ji kayan sun motsa amma ba su fito ba. Sujada kuwa ba ta da rabi. Goshina na taɓa tabarma na ji aljihu ya yi sauƙi. Da na ɗago, ga shi nan a gabana tsibi, yana tururi, burodin a sama kamar hula. Wani dogon silin makaroni ya kwanta a kan yatsun ƙafar Alhaji. Kuma raka'ar farko ke nan. Ba mai magana a salla, ba mai gudu. Sauran sujadun duk a gefen makaroni na yi su, ina kauce masa da goshi. Wani a hagu kafaɗarsa na rawa, yana tarin ƙarya. Kafin tahiya wata akuya ta iso ta fara nata aikin, ba ta ko jira liman ba.

Aka sallame. Ba wanda ya tashi. Alhaji ya cire silin daga ƙafarsa da yatsa biyu, ya ajiye a hankali, ya sassauta murya, amma sahu duka ya ji:

"Malam, da ka ce yara za ka kai wa, ai da an ƙunsa maka a leda."

Wannan ta fi makaronin zafi. A ce mini mai ciwo, na saba. Amma a ce gidana ba abinci, har ina satar na faranti? A ce Hadiza za ta shiga gidan da ake jiran aljihun uba? Na miƙe, jan mai har cibiya, na manta da wanda nake magana.

"Alhaji, gidana ba a taɓa kwana da yunwa ba. Alkama ce ba na ci. Ita ta kusa kashe ni, ita ce ciwon da garin nan ya sa wa wani suna. In cina kake son gani, tashi mu tahi inda ake abinci."

Ya tashi kuwa. Na wuce gaba da rigata haka, ban rufe ba, muka ratsa tasha kowa na kallo, har lungun masu albasa. Hajiya Gambo ta dubi ƙirjina ta tambaya ko rago na yanka. Na ce ta zuba. A kan benci, da hannu, na tashi da kwano, na ce ta ƙara, na tashi da shi, na kora da fura. Tsakanin loma ina ba shi labarin Yamai, da jan zaren mai shayi, da masar da ta ci amanata. Shi ma ya sa hannu, kuma bai yi wasa ba.

Da muka wanke hannu ya ce tun cokalin farko ya gan ni ta taga. Na tambaye shi to don me ya sa aka ƙaro.

"Ina so in ga iyakar aljihun," ya ce. "Da iyakar abin da za ka ɗauka saboda yaron."

Ya ce ƙannena su dawo ranar Juma'a.

An yi biki bayan kaka. Da aka kawo gara, alkaki da dubulan aka raba wa dangi, amma akwai wani kwano daban cike da nakiya, shinkafa zalla, wanda matar Alhaji ta ce na Mai Aljihu ne, kada kowa ya taɓa. Sunan ya bi ni. Direbobi daga Illela har Badagishiri da shi suke nemana, kuma ina amsawa. Rigar ba ta wanku ba, uwar yara ta rina ta baƙa. Wasu masu ciwon ciki ma sun zo gareji a ɓoye suna tambayata ina ake cin abin da ba fulawa, na yi musu kwatance ba tare da na ware musu kofi ba.

Abin da na koya bai da yawa. Na yi shekaru ina ɓoye magana ɗaya don kada a yi mini dariya, ranar da na faɗe ta kuwa sai da na fara biyan dariyar gaba ɗaya, a gaban sahu da akuya. Yanzu duk inda aka ajiye mini faranti, kafin bisimilla nake cewa ba na cin alkama, wanda zai ji haushi ya ji. In kuwa kai ka fi ni taurin kai, sai ka ɓoye, to ka fara tambayar ƙarfe nawa, kada azahar ta same ka da kaya.