Gashin Bakin Barau Totur

Wani mutum ne a Funtuwa ana ce masa Barau Totur. Shekara ashirin yana jigilar albasa da wata tsohuwar akori-kura wadda sai an tura take tashi. Birkin hannunta kuwa tun kafin ya saye ta aka cire, sai rami a wurin. In ya tsaya, dirowa yake ya cusa wa taya dutse. Amma in ya zauna teburin mai shayi yana murza gashin bakinsa, sai ka rantse shi ya koya wa jirgin sama gudu. Gashin bakin nan kuwa ya fi son sa da abincin rana, har man kaɗanya yake shafa masa.

Ran nan ana hirar masu tseren mota da ke taruwa a tsohuwar hanya duk Lahadi, motoci biyu su jera, a saki, wanda ya riga kaiwa bishiyar kuka ya ci. Barau ya yi tsaki.

"Yara ne. Tseren nan duk a tashin farko yake. Ka danne kuloci, ka ba ta wuta, ka saki ƙafa lokaci guda. Ni in na tashi mota, inuwata sai gobe take iso ni."

Isiyaku bakanike, wanda ba ya cika magana ba, ya ajiye kofinsa.

"Ina da Golf biyu a gareji. Ka zaɓi ɗaya. Wanda aka kayar a aske masa gashin baki a wurin."

"Ni zan zo da wanzamin," in ji Barau.

Ya kuwa zo da shi, Malam Nadabo, har da ɗan benci.

Lahadi bayan la'asar gari ya tashi kakaf. Aka jera motoci. Barau ya zagaye tasa a hankali, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin kowace taya, ya miƙe yana kaɗe gwiwa irin na gwanaye. Ya shiga, ya sa lamba ɗaya, ya take totur. Vuum, vuum. Kaji suka watse.

Aka sauke hula, alamar a tashi.

Ƙiiiii! Tayoyin gaba suka hau juyawa, hayaƙi ya turnuƙe fari fat, ya rufe motar ruf. Barau bai ganin gaba, bai ganin baya, sai ƙara da girgiza. Daɗi ya kashe shi. A ransa ya ce wannan gudu ko shi bai san ya iya shi ba. Ya ƙanƙame sitiyari, ya sa lamba biyu, ya leƙa madubi, babu ko alamar Isiyaku. Ya fito da hannu ta taga yana ɗagawa.

"Sai ka zo, Isiyaku. Ka gaida na baya."

Can sai ƙauri ya cika masa hanci, inji ya yi tari, gif, ya mutu. Barau ya gyara hula, ya murza gashin baki, yana jiran tafi.

Iska ta kwashe hayaƙin. Maimakon bishiyar kuka, sai ga bencin Malam Nadabo, nan inda ya bar shi. Mutane kwance a ƙasa, wasu na riƙe da ciki, wasu na share hawaye. Isiyaku ya je gindin kuka ya dawo, har ya sayi rake yana sha.

Barau ya leƙo ta taga. "Asiri aka yi mini. Da idona na duba, babu dutse ko ɗaya."

Isiyaku ya zura hannu ta taga, ya danna wata gajeruwar sanda tsakanin kujeru, ta kwanta, ƙwas.

"Yaya Barau, wannan shi ne dutsenta."

Barau ya kalli sandar, ya kalli jama'a, muryarsa ta koma ƙasa.

"Ni na ɗauka maratayar carbi ce."

Malam Nadabo ya karkaɗe benci, yana wasa aska a tafin hannu.

"Bismilla, direba. Zauna a hankali, kada gudu ya kwashe ka."