Wuyan Tulun Haladu

Ran Alhamis na kama jakina zan tafi kasuwar Maigatari, sai yaran wani babba suka tare ni a bakin gari. Wai Mai Girma Sarkin Alkawari zai kawo ziyara maƙabartar sojoji, don haka jakina ya sami aikin gwamnati. Na ce ina murna. Me zan ce? Suna da bulala, ni kuwa sai carbi.

Maƙabartar nan dai ta sojojin da suka dawo daga yaƙin Kamaru ce, waɗanda harsashin Jamus ya ƙyale amma annobar marisuwa ta kwashe. Tun sannan babu mai kula da ita sai tsofaffin abokansu, Saje Dogo da Kofur Barau da wasu 'yan tsiraru. Su ke jan ƙaya su yi shinge saboda kuraye, su cike ramin da damina ta zaftare, ba wanda ya sa su. Ƙasarmu kuwa rairayi ce, tudun kabari ba ya daɗewa. Shi ya sa kowane mamaci suka kafa masa shaida: wannan gindin tukunya, wancan fasasshen kasko. Shi Barau idonsa ya tafi tun a yaƙi, da laluben wuyan wani tulu yake gane kabarin ƙanensa Haladu duk Juma'a.

Shekara nawa Saje Dogo yana roƙon a taimaka musu da kayan ƙaya ko na jaki biyu ne, kullum amsar ita ce ana dubawa. Allah ya ƙara wa masu dubawa ƙarfin ido.

To, ranar da za a zo ziyara sai ga himma! Aka share wurin fes, aka tara ƙasa aka yi sababbin tuddai a jere kamar sojoji a fareti, duk inda igiya ta nuna. Ni kuma aka yi ta labta wa jakina shara ina kaiwa kududdufi. Sai a sawu na ƙarshe na duba mangalar da kyau, na ga ashe tsingaron nan ne na shaida.

Na ce wa babban yaran, “Ranka ya daɗe, waɗannan fa sunayen mutane ne.”

Ya ce, “Kai, ƙauyanci! Mai Girma zai zo ya tarar da fasassun tukwane?”

Mai Girma ya iso bayan la'asar, da laima da maroƙa. Bai ƙarasa maƙabartar ba. Yana hango kunyoyin dankalin maƙwabcina Ɗanjuma a bakin hanya sai ya ja linzami, ya ɗaga hannu ya yi doguwar addu'a, har da matse ƙwalla. Ashe ya ɗauka su ne kaburburan. Ɗanjuma ya raɗa mini, “Wallahi bana dankalina sai ya yi albarka.” Na danne dariya har haƙarƙarina ya yi ciwo.

Washegari dariyar ta ƙare. Na je kududdufi na tono wuyan tulun na kai wa Barau, ina jin kunya kamar in nitse. Ya shafa shi, ya ce shi ne. Muka shiga tare, Saje Dogo ya ce Haladu na nan ta gabas, wani ya rantse ta tsakiya yake, suka yi ta musu har murya ta dushe. Kowa ya rasa gane wurin.

Shi kuwa Barau sai ya wuce gaba. Ya lalubi tudun farko, ya ajiye wuyan tulun, ya yi addu'arsa, sannan ya ɗauke abinsa ya sa a aljihu.

Na ce, “Baba, ba za ka bar shi a nan ba?”

Ya ce, “A'a, ɗana. Juma'a mai zuwa sai tudu na gaba. Ina bi ɗaya-ɗaya, wata rana zan dace da shi.”

An ce Mai Girma ya yaba ƙwarai da yadda aka binne bayin Allah, har ya yi alkawarin zagaye su da katanga. Ɗanjuma yana nan yana jira.