Rasuwar Sista Haske, Fitilar Ɗaukar Fim ta Gidan Baba Timoti

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da har yau ba su bushe ba, ni Desmond, ɗan Baba Timoti na unguwar Herwagana a nan Gombe, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar fitilata ta ɗaukar fim, wadda mutanen gidanmu suka fi sani da Sista Haske. Ta rasu ranar Talatar da ta wuce, da misalin ƙarfe goma saura na safe, a ɗakin mahaifina, tana tsaye a kan ƙafafunta uku, tana bakin aiki. Wata goma sha ɗaya ta yi tare da mu.

An haifi marigayiya a ƙasar Sin, kamar yadda aka rubuta a ƙeyarta. Ta sauka Kano a cikin kwali, daga can ta hau mota zuwa Gombe. Ni da kaina na je tasha na tarbe ta, na rungumo ta a kan cinya har gida, ban yarda mai keke ya jefa ta a baya ba. Mahaifiyata, Mama Margaret, ita ce ta raɗa mata suna ranar da na fara kunna ta a falo, don ta ce abin da yake haskaka gida haka bai kamata a kira shi fitila kawai ba.

Ya kamata jama'a su san abin da ya kawo ta gidanmu, don kada a ce Desmond ya zare, yana makokin ƙarfe da roba. Mahaifina ya shekara talatin yana jagorantar mawaƙa a cocinmu. Amma waƙoƙin da suka fi masa daraja ba na littafi ba ne. Na mahaifiyarsa ne, kakata, waɗanda ta tsara da yaren Tangale a Kaltungo, wasu a bakin dutsen niƙa, wasu a gona, wasu a zaman makoki. Ba a taɓa rubuta su ba. Duk wanda ya ce a rubuta, Baba sai ya nuna kansa da yatsa ya ce suna nan a ajiye. Shekara biyu ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye, mantuwa kuma ta biyo baya. Ba ya fita daga ɗakinsa, ɗakin da katangar maƙwabci ta toshe wa taga, ko da tsakar rana duhu ne. Sai na ɗauki alkawari zan ɗauke shi a bidiyo yana rera su duka, fuskarsa a fili, kafin su tafi. Saboda wannan aikin kaɗai Sista Haske ta zo.

Da yake ni malamin firamare ne, ban taɓa riƙe kamara ba, sai na samo kwas na koyon ɗaukar fim a gida, darasi ashirin da huɗu a cikin filas, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta. Mai koyarwar wani Bature ne mai dogon gemu, a gida Malam Gemu muke ce masa. Marigayiya ta yi wannan karatu tare da ni, darasi bayan darasi, kullum na taso daga makaranta. A darasi na uku Malam Gemu ya ce wanda bai san haske ba kada ya kuskura ya danna kamara, domin mummunan hoto cin mutuncin mai fuska ne. Na rubuta wannan magana a takarda na manna a bango. Da na san inda za ta kai ni, da ban rubuta ba.

Marigayiya mai haƙuri ce, ba ta da ƙorafi. In na danna makunninta sai ta ce ƙyas, sannan 'yar fankar da ke cikinta ta fara numfashi, fuuu, a hankali, kamar mai hura koko. Ba ta taɓa ɗaga murya ba. Ta iya fari tas irin na rana, ta iya ja-ja irin na yamma, in ka rage ta ta ragu, in ka ƙara ta ta ƙaru, ba gardama. Sau biyu yaran maƙwabta suna tuntuɓe da ƙafarta ta faɗi, ta tashi ba ta riƙe kowa a zuciya ba. Ba ta nuna bambanci: ta haskaka Hilda matata tana tsintar shinkafa, ta haskaka Mama tana zura zare a allura, har kajin gida sun samu rabonsu.

Abin da ya ɗaure mana kai ni da ita shi ne, duk mutanen da Malam Gemu yake gwaji da su fararen fata ne. In na bi lissafinsa daidai, fuskar Hilda sai ta fito kamar an shafa toka, ko kuma ta ɓace gaba ɗaya sai haƙora. Babu wanda zai zauna mini awa biyu ina juya fitila, don haka na ɗauko baƙar tukunyar ƙasa ta Mama, na kifa ta a kan kujera, na ɗora mata hular Baba. A kan wannan tukunya muka yi wata da watanni. A kanta na gano cewa in aka shafa ɗan man kaɗanya, baƙar fata tana kama haske ta yi kyau, abin da babu shi a darasi ko ɗaya. Ranar na yi murna har na yi tsalle. Ban shiga ɗakin Baba ba a ranar, ina ta ɗaukar tukunya.

A nan dole in faɗi gaskiya a gaban gawa. Hilda ta yi mini magana ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ta ce in ɗauki waya kawai in shiga, ko murya ce a samu. Na ce mata mahaifina ba zai fito a duniya kamar ɓarawon da aka kama a lungu ba, sai na gama kwas. Ita ce take ƙirga waƙoƙin, don ita take kai masa kunu da safe, lokacin da kansa yake a buɗe. A Kirsimeti ta ce talatin da ɗaya yake iya kaiwa ƙarshe. A Ista ta ce sha huɗu. Da damina ta yi tsakiya ta ce shida, ta faɗa tana kallona ido cikin ido, ni kuwa ina darasi na sha tara, kan yadda ake raba mutum da bangon bayansa. Har ta ce ita za ta ɗauka da tata wayar, na yi fushi na ce kada a ɓata mini aiki. Taurin kai na gada, kuma ban san ranar da zan yafe wa kaina ba.

Na gama darasi na ashirin da huɗu ranar Lahadi. Litinin Hilda ta ce saura uku. Sai na nemi izini a makaranta, na sa ranar Talata ƙarfe tara.

Ga yadda ajali ya zo. Tun bakwai na shigar da marigayiya ɗakin Baba, na kafa ta a gefen hagunsa, na kafa kamara a gabansa. Mama ta yi masa wanka, ta sa masa farar rigarsa ta zuwa sujada, na shafa masa man kaɗanya a goshi da kumatu. Na kunna ta, ta ce ƙyas, ta ce fuuu. Ina cikin neman farar lemar da ake sa mata a gaba don haske ya yi laushi, sai aka ɗauke wuta. Maƙwabcinmu ya ce ga janareta, amma babu mai ko ɗigo. Na suri jarka na yi waje da gudu. Ban kashe makunni ba, ban zare soket ba.

Waɗanda suka san gidanmu sun san abu mai daraja ba ya zama tsirara a gaban Mama. Talabijin yana da mayafinsa, firji yana da nasa, keken ɗinki, rediyo, har Littafi Mai Tsarki da ke kan tebur. Da ta leƙo ta ga Sista Haske a tsaye ba komai a kanta, ga mai ita ya fita, abin bai yi mata daɗi ba. Ta buɗe akwatinta ta ciro sabon zanenta na zumuntar matan coci, wanda ko sau ɗaya ba ta ɗaura ba, ta ninka shi biyu, ta lulluɓe ta tun daga fuska har ƙeya, ta cusa gefen da kyau, daidai kan 'yan ramukan da take numfashi ta cikinsu. Kamara ma ta rufe ta da farin leshi. Wata goma sha ɗaya ina cika mutanen gida da surutu kan haske mai zafi da haske mai sanyi, ban taɓa gaya wa mahaifiyata cewa wannan abu yana numfashi ba.

Minti kaɗan da fitata aka dawo da wuta. Marigayiya ta farka a ƙarƙashin zane, da dukkan ƙarfinta.

Abin da ya biyo baya daga bakin Mama na ji shi. Ta ce tana madafa sai ta ji murya. Ta taho ta tsaya a bakin ƙofa, ta ga ɗakin ya cika da wani haske mai laushi da yake ratsowa ta zanen, babu inuwa mai kaifi ko ɗaya, fuskar Baba tana sheƙi kamar ranar aurensu. Yana zaune ya miƙe baya, yana kaɗa hannunsa mai lafiya, yana rera waƙar niƙa. Ya gama ya ɗauki ta biyu. Ya gama ya ɗauki ta uku. Sannan ya shiga wata ta huɗu da ta ce rabon da ta ji ta tun kafin a haife ni. Marigayiya ta fara kuka, tit, tit, tit, Mama ta ɗauka kiɗa take riƙe masa. Ba ta shiga ba don kada ta katse shi, ta tsaya tana hawaye. Wannan shi ne hasken da na yi wata biyu ina nema a darasi na sha ɗaya ban samu ba. Kamara tana gabansa, taku uku, a kashe, a lulluɓe. Ni kuwa ina layin gidan mai da jarka a hannu.

Hilda ce ta dawo daga kasuwa ta ji ƙauri tun daga zaure. Kafin ta yaye zanen, Sista Haske ta ce fat, ɗakin ya koma duhunsa. Baba ya yi shiru a tsakiyar baiti.

Na garzaya da ita wurin Uzairu mai gyaran kayan lantarki a bakin kasuwa. Ya buɗe ta, ya shinshina, ya juya ta, ya mayar da murfin ba tare da ya ɗaura noti ba. Ya ce cikin ya narke har allon da wayoyinta suke kai, rai ya yi halinsa, in yi haƙuri. Kwana biyar ke nan Mama ba ta cin abinci sosai, tana cewa ita ta kashe ta. Ina roƙon duk wanda ya zo gaisuwa kada ya tayar mata da maganar. Girmamawa ta yi, da mafi kyawun abin da ta mallaka. Ko da an ba ni sabuwar fitila yau, ban san me zan haskaka ba, domin tun ranar Baba bai sake buɗe baki da waƙa ba. Hilda tana kai kunu, tana fara masa baiti, sai ya kalle ta ya tambaye ta ko ita 'yar gidan wane ce.

Marigayiya ta rasu ta bar ƙafafu uku masu lafiya, da farar lema guda da ba ta samu halartar ranar ba, da wayar wuta mai tsawon taku goma, da kwalinta na haihuwa. Ta bar kamara, abokiyar aikinta, wadda ta ga komai a duniya ban da abin da aka saye ta dominsa. Ta bar Malam Gemu a cikin filas, har yanzu yana murmushi yana cewa a kula da inuwar hanci. Ta bar zanen zumunta mai ƙunar da ta kai faɗin faranti. Ta kuma bar bidiyo na awa goma sha huɗu da minti shida na baƙar tukunya sanye da hula, daga kowane gefe, cikin haske mai kyau ƙwarai. Na mahaifina babu ko daƙiƙa ɗaya.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa a gidanmu da ke Herwagana, layi na biyu bayan injin niƙa. Za a naɗe marigayiya a zanen da ta rasu a ciki, bisa roƙon Mama, a mayar da ita kwalinta, a kwantar da ita a ƙarƙashin gadona. Ba za a yi wa'azi ba, ba za a dafa abinci ba, kuma iyali ba sa buƙatar gudummawar sayen wata.

Abu ɗaya muke roƙo. Tsofaffin mawaƙan da suka yi zamani da Baba, da 'yan'uwa na Kaltungo mazauna Gombe, da duk wanda ya taɓa jin waƙoƙin kakata ko a goye yake, in akwai wanda ya riƙe ko da rabin baiti, ya taimaka ya zo ya zauna a bakin gadonsa ya fara masa, ko Allah zai sa ya karɓa. Ban sa rai ba, amma zan cire labule in buɗe ƙofa, in zauna a ƙasa da waya a hannu. Ku yi ƙoƙari ku iso kafin ƙarfe tara, domin in rana ta ɗaga ba ya gane kowa, har ni.