Ta'aziyyar Masu Anko Goma Sha Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ɗin ba, ko da tsufa zai kwashe mini sunayen jikokina. Kuma ko na so in manta, matan unguwarmu ta Sparkhill ba za su bar ni ba.

Bari in fara da faɗin gaskiya: ni mace ce mai ji da kanta. Ban taɓa zama a ajin boko ba, amma a unguwarmu a Kano, idan aka yi haihuwa ko rasuwa, ni ake fara aikowa a kira. Na yi wa mata wankan jego, na raka amare, na shirya zaman makoki ba adadi. Da Likita (ɗana na fari ke nan, ba na kama sunansa) ya ɗauko ni ya kawo ni Birmingham, sai na koma tsohuwar da ke zaune kusa da hita tana kallon ruwan sama ta taga.

Wata rana ya zo ya durƙusa a gabana da takarda a hannu.

"Mama, akwai ajin Turanci na manya a bayan layinmu, council ce, wato ƙaramar hukuma, ta buɗe. Sau biyu kawai a sati. Ko asibiti wajen GP za ki, sai kin jira wani ya raka ki."

Na ce, "Ni? In zauna a benci, yarinya sa'ar jikata ta ce in maimaita? Likita, ni fuska nake karantawa. Mutum ya buɗe baki ko ya rufe, na san abin da ke cikinsa."

Ya yi dariya ya ce, "To ranar da fuska ta yaudare ki fa, za ki shiga ajin?"

"Na yarda. Ga matarka nan, ta zama shaida."

Maman Amira, surukata, ta sunkuyar da kai tana murmushi. Ni kuwa har ga Allah tsoron ajin nan nake yi. Ina tsoron a tambaye ni abu in kasa, a gaban mutane, da furfurata.

Hujjata kullum ita ce maƙwabciyarmu. Bango ɗaya ne ya raba mu da wata tsohuwa sa'ata, mutuniyar ƙasar Meziko, sunanta Lupe, amma ni Maman Rafa nake ce mata. Rafa ɗanta injiniya ne a Manchester, sai ranar Asabar yake zuwa. Ita ma Turancin bai zauna mata ba, yarensu kawai take yi. Shekara guda muna zumunci ta kan katangar bayan gida: in miƙa mata yaji, ta miƙo mini wata wainar masara tasu mai faɗi kamar faifai. Ba mu taɓa fahimtar kalma ɗaya ta juna ba, kuma ba mu taɓa saɓawa ba. Sai in ce wa Likita, "Ka gani? Ina Turanci a nan?"

Ranar wata Alhamis da hantsi na fito zubar da shara, sai na gan ta zaune a bakin ƙofarta, baƙin mayafi a kafaɗa, tana kuka wiwi, ta rungume wani hoto a ƙirji. Na yar da leda na nufe ta. (Tabarau ɗina yana ɗaki. Ba na fita da shi, tsufar da ni yake yi. Kada ku tambayi shekaruna.)

Ta nuna mini hoton. Mazaje ne samari, wasu a tsaye, wasu a tsugune. Na ƙirga da yatsa, goma sha ɗaya. Goma sun sa riga iri ɗaya mai ratsi, na tsakiya kuma tasa daban, da hula a kansa, ya riƙe wani abu mai kama da ƙwarya. Ta ɗora yatsa a kan na tsakiyar, ta dafa ƙirjinta. Sannan ta shafa hannu a kan su duka, ta watsa hannun sama, alamar an gama, babu su.

Ai nan take na gane komai. Riga iri ɗaya, me ke nan in ba anko ba? Wanda tasa ta bambanta, wane ne in ba ango ba? Ta dafa ƙirji, ke nan ɗanta ne da ta baro a gida. Sun taso ɗaurin aure a mota ɗaya, hanya ta cinye su. Gajeren wandon da suka sa ya ɗan tsaya mini a rai, amma na ce kowa da al'adarsa. Hoton kuma ba kala, na ce wataƙila su haka suke yi, idan mutum ya rasu sai a cire wa hotonsa launi.

Na rungume ta muka yi kuka tare. Na shigo gida ina salati.

Maman Amira ta ce, "Mama, bari in yi wa Rafa text mana, mu ji ainihin abin da ya faru."

"Ki aika wa mai makoki saƙon waya? Haka ake yi a gidanku? Da ƙafa ake zuwa!"

(Gaskiyar magana, na san in aka tambayi Rafa da Turanci, Likita zai ce ai ga shi sai da aka nemi Turancin.)

Da Likita ya dawo daga asibiti ya ce, "Mama, kin tabbata kuwa?" Na kalle shi kallo ɗaya, ya ce, "Allah ya ba su haƙuri," ya wuce.

Ranar Juma'a na sa aka yi ta danna mini lambobi. Na kira matanmu na Sparkhill, na Lozells, na Balsall Heath. Na ce baiwar Allah ba ta da kowa a ƙasar nan, ta rasa ɗa ango da abokansa goma, haƙƙin maƙwabtaka ya hau kanmu. Labarin yana bakina yana ƙara girma. Kafin la'asar har na san motar bas ce, kuma a kan gada abin ya faru. Wa ya gaya mini? Babu. Na tura Maman Amira shagunan Stratford Road ta sayo shinkafa, gyaɗa da kabewa. Na jiƙa shinkafar waina da hannuna. Rabona da jin ƙarfi a jikina haka tun ina Kano.

Asabar, kwana uku cif, muka hallara mu goma sha huɗu da hijabai da kuloli. Har da Hajiya Bilki, akanta ce mai jin Turanci, ta taso tun daga Manchester a jirgin ƙasa saboda girmana. Maman Rafa ta buɗe ƙofa ta gan mu, ta yi tsaye baki buɗe. Na kama hannunta muka shige. Muka tuɓe takalma, muka bar kujeru, muka zauna a ƙasa kamar yadda ya dace. Ga hoton a kan tebur, da kyandir da furanni. Na kalli matan, alamar kun gani ko?

Aka fara: "Sannu. Ya haƙuri? Sai haƙuri." Ita ba ta ji, amma ta ga idanunmu, sai ta fashe da kuka. Mu ma muka taya ta.

Bilki ta ƙura wa hoton ido, ta matso kusa da kunnena.

"Hajiya, wallahi hoton nan kamar na 'yan ƙwallo."

"Bilki, ki ji tsoron Allah. A gidan mutuwa?"

Ta sake leƙa hoton. Ni kuma don in rufe bakinta sai na ɗauki hoton, na gyara murya, na shiga yabon mamaci. Na ce dubi yaro son kowa, dubi kafaɗa, ko ɗakin amaryarsa bai taka ba. Na ce ku tuna da amaryar nan, an yi mata lalle, tana jiran motar da ba za ta iso ba. Mata suka ɓarke da kuka har da masu jan majina. Ina cikin wannan ne ƙofa ta buɗe, Rafa ya shigo da jaka a kafaɗa.

Ya kalli takalma, ya kalli kuloli, ya kalli uwarsa a tsakiyarmu. Fuskarsa ta yi fari fat. Ya yi magana, Bilki ta ce, "Yana tambaya wa ya mutu."

Na ce, "Wayyo, ashe ba a gaya masa ba! Bilki, a hankali. Ki ce masa ɗan'uwansa, ango."

Bilki ta faɗa masa. Ya ce shi kaɗai uwarsa ta haifa. Na ɗaga hoton. Ya kalle shi, ya kalle ni, sai ya toshe baki da hannu, kafaɗunsa suka fara rawa. Na zaci kuka ne. (Mai karanta fuska ke nan.)

Bilki ta juyo, ita ma tana danne dariya. "Hajiya, ya ce wannan kakansa ne. Mai tsaron gida ne. Abin da ke hannunsa ƙwallo ce. Ƙungiyar ƙwallon garinsu ce, wani attajiri ya saye ta, ranar Alhamis aka sanar ya kwashe ta ya kai wani gari. Shi ne take kuka."

Ɗakin ya yi tsit, har ina jin tafasar kunun gyaɗa a kunnena, alhali yana cikin kula. Sai wata daga baya ta ce a hankali, "To amaryar fa?" Shi ke nan. Mata goma sha uku suka kife a kan kafet. Bilki tana share hawaye tana cewa, "Hajiya, tun asuba na baro Manchester! Na bar yara da babansu saboda mai tsaron gida!"

Na so ƙasa ta tsage. Na miƙe ina laluben takalmi, na sa na wata. Sai na ji an riƙe mini gefen hijabi. Maman Rafa ce. Ɗanta ya gama fassara mata abin da muka zata, amma ita ba ta yi dariya ba. Ta zaunar da ni, ta yi magana da yarensu, Rafa ya juya zuwa Turanci, Bilki ta juyo mana da Hausa.

Ta ce, "Ai mutuwar ce. Na kira ɗana a waya ina kuka, ya ce Mama ƙwallo ce kawai. Ke kaɗai kika zo da abinci."

Rafa da ya fassara wannan, kunnuwansa suka yi ja.

Daga nan ta ba mu tarihin, ta bakin mutum uku. Garinsu garin masu haƙar ma'adinai ne a cikin duwatsu. Ma'aikatan ramin ne suka kafa ƙungiyar, su fito daga ƙarƙashin ƙasa baƙi ƙirin su buga ƙwallo a filin da suka share da hannunsu. Matansu ne suka ɗinka rigunan nan masu ratsi, uwarta na cikinsu. (Na ce wa Bilki, "Kin ji? Mata suka haɗu suka ɗinka iri ɗaya. Ba anko ba ne wannan?") Da aka rufe ramin, mutane suka watse, ƙungiya ta mutu. Bayan shekaru ma'aikatan jirgin ƙasa suka tashe ta, ta yi ta hawa har ta shiga sahun manya, 'yan wasa suka koma cin albashi. Sau ɗaya tak suka ci kofi, kuma ranar babanta yana tsoho aka ɗaga shi a kafaɗa aka zaga gari da shi. A filin nan ta haɗu da mijinta. Yanzu mai kuɗi ya saye, ya canja suna, ya canja launi, ya kai ta gari mai nisa, ya bar musu fili da ciyawa.

Raina ya ɓaci har na manta kunyata. Na ce, "Ana sayar da irin wannan ne? Abin da iyaye suka kafa? Bilki, ki ce mata ai ƙungiyar ta taɓa mutuwa ta tashi. Garin ba yara ne? Ba mata masu keken ɗinki?"

Da saƙon ya isa wajenta, ta daɗe tana kallona. Sannan ta share ido, ta buɗe kular waina da kanta. Muka ci, Rafa ya ci bakwai.

Labari ya kai kunnen Likita. Takardar ajin kawai ya ajiye kusa da carbina. Na shiga, tunda na yi alkawari a gaban surukata, amma ba ni kaɗai ba. Na je na ƙwanƙwasa wa Maman Rafa, na nuna mata takardar, na nuna ta, na nuna kaina. Wannan karon an fahimci juna. Benci ɗaya muke zama, malamar tana raba mu saboda surutu.

Bayan wasu watanni ta leƙo ta katanga tana ihu da waya a hannu. Mutanen garinsu sun haɗu sun kafa sabuwar ƙungiya, daga can ƙasan ƙasa za su fara, da tsohon launi, a tsohon fili. Da Turancinmu na guragu ta gaya mini, kuma na gane ba tare da Bilki ba. Ta ba ni riga mai ratsi, tana nan cikin akwatina tare da atamfofi. Tarihin ƙungiyar nan kuwa yanzu ni ke bayar da shi a gidajen suna, kuma Rafa ya ce na fi uwarsa iyawa, sai dai ina ƙara gishiri.

Matan Sparkhill har gobe "Uwar ango" suke ce mini. Na haƙura. Abin da na koya shi ne, kafin in jiƙa shinkafar waina, in sa tabarau, in tambaya wa ya mutu. Amma maganar anko, wannan ban janye ba.