Furar da Inna Dudu Ta Ƙi Sha

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya a gaban malamata, fura tana ɗiga daga bakin zanena.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a lakol, wato makaranta, ina koyon aikin mayar da marasa lafiya ga ayyukansu na yau da kullum, wato ci da sha da sa tufafi da sana'a. Aka tura ni Gazawa in gwada abin da na koya. Ni kaɗai aka tura. Ban san kowa a garin ba, ɗakina kuwa daga ni sai katifa sai ƙadangaren da ke leƙo ni ta taga. Idan na tashi aiki, sai in wuni bakina bai furta komai ba ban da salati. Kaɗaici ya ci ni sosai, ba zan ɓoye ba.

Ana nan aka ba ni Inna Dudu, wata dattijuwar Bafulatana daga wata ruga a bayan Gangara, wadda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa mata hannun dama. 'Yarta ke kawo ta a amalanke. Tun ranar farko na yanke cewa matsalarta riƙe ludayi ce. Na naɗe mariƙin ludayi da roba ya yi kauri, na shiga koya mata. Na kuma shiga surutu. Na yi mata bayanin jijiyoyi, daga nan na gangara kan unguwarmu a Maradi, da mamata, da ƙawata da ta yi aure ba ta gayyace ni ba. Ita dai "to" take cewa. (A lakol an ce mana mu gina yarda da majiyyaci, ni kuwa na ɗauka "to" ɗin nan ita ce yardar.)

Sai ranar da Madam Rabi, malamar da za ta ce na ci ko na faɗi, ta zo duba aikina. Ranar 'yar Inna ba ta samu zuwa ba, mijinta Buba ne ya kawo surukarsa, ya tsaya can nesa a gindin bishiyar bedi. Sai na tuna darasin da ke cewa a sa dangi cikin aiki. Na fita na jawo shi.

"Malama, nan ma ya isa," in ji shi, idonsa a ƙasa.

Ban saurare shi ba. Na zaunar da shi a kujera, daidai gaban Inna. Na dama fura a ƙwarya, na miƙa mata ludayina mai roba, na ce, "Inna, bisimilla, nuna wa Madam."

Inna ta ja mayafi ta juya fuska bango. Na ƙara lallashi, ko motsi. Gumi ya fara keto mini. (Ni da na girma a ƙasar nan, na san Bafulatana ba ta cin abinci a gaban suruki, amma ranar darasi ya rufe mini ido.) Maimakon in tsaya, sai na ɗebo furar da kaina na kai bakinta kamar mai ciyar da ɗan yaye. Ta ɗaga hannun hagu ta kare fuska, ludayi ya bugi ƙwarya, ƙwarya ta kife a cinyata. Buba ya yi waje, har sandarsa ya bari.

Madam Rabi ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta cire takalmi, ta zauna a tabarma kusa da Inna, ta gaishe ta, ta tambayi shanu da 'yan ruga. Sannan ta ce, "Inna, mi kike so hannun ga ya yi miki?"

"Tatsa," in ji Inna. "Akwai saniyata, ba ta sakin nono ga kowa sai ni. Fura kam ina sha da ƙoƙo, ba ta dame ni ba."

"To mi ya hana ki faɗa wa malamarki?"

"Ba ta tambaya ba." Sannan ta ƙara da cewa, "Ɗiyar ga baƙuwa ce, ba ta da kowa garin nan. In ta gama magana sai in ga fuskarta ta saki. Shi ya sa nike zuwa."

Na tsaya da jiƙaƙƙen zane, na rasa inda zan sa idona. Ashe duk doguwar tafiyar nan a amalanke, ni ake zuwa yi wa magani. Kunya ta kama ni, domin tun zuwana garin ba wanda ya lura da ni sai matar da ban taɓa yi wa tambaya ko ɗaya ba.

Madam ta ƙara mini wa'adi a Gazawa, wato ƙarin zama da ƙadangare. Na je har ruga na mayar wa Buba sandarsa, na ba su haƙuri. Muka ajiye ludayi, muka koma matse jiƙaƙƙen tsumma da yatsu. Kafin in bar garin, Inna ta tatso abin da ya rufe gindin ƙwarya, ta ba ni na sha, ita kuma ba ta sha a gabana ba.

Yanzu duk wanda aka kawo mini, nakan tambaye shi abin da yake so, in kame bakina. Kuma kullum kafin in fita aiki sai na kira mamata a waya na zazzage mata surutuna, don kada in sake samun majiyyacin da zai yi jinyata kyauta.