Rasuwar Dattijuwa a Ojota

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, iyalan Malam Barau mai goro na Agege, a madadin 'yarsu Mubina, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da 'yan gwari na kasuwar Mile 12, da direbobin manyan motoci masu hawa da sauka tsakanin Kano da Legas, rasuwar tsohuwar wayar nan da aka fi sani da Dattijuwa. Ta cika ranar Talata da rana tsaka, a cikin cunkoson motocin Ojota, tana kan hanyar dawowa gida daga aiki. A kanta Mubina take gwada duk abin da ta haɗa tun ranar da ta fara koyon ƙirar manhajar waya, kuma ba ta da wata bayanta.

Marigayiyar ta zo hannun Mubina ne da tsufanta. Kalsum, yayar Mubina, ta more ta har ta gaji, ta jefa ta a durowa da gilashi a tsage. Da Mubina ta gama makaranta aiki ya ƙi samuwa, sai ta shiga koyon haɗa manhaja a wani ɗan aji a Ikeja. Malaminsu ya ce kowa ya nemo waya mafi rauni a gidansu, domin abin da ya yi aiki a kanta zai yi a kan kowace. Rauni kuwa Dattijuwa ta gada. In an taɓa ta sai ta yi dogon tunani kafin ta amsa. In an sa ta a caji ta ce “tulum”, kamar an jefa tsakuwa a rijiya. In saƙo ya shigo ta yi “zzz, zzz” a kan tebur har ta matsa daga inda aka ajiye ta.

A kanta aka haifi manhajar Inakake. Mubina ta tashi tana ganin maƙwabciyarsu Iyatu, dillaliyar tumatir, tana wuni a kasuwa jiran motar da ba wanda ya san inda take, direba ba ya ɗaga waya, masu saye suna watsewa. Sai ta haɗa manhajar da direba zai kunna in ya yi lodi, mai kaya ya riƙa ganin inda motar ta kawo, ya san lokacin da zai tara 'yan dako. Ƙungiyar 'yan gwari ta karɓa. A lokacin Malam Barau har a masallaci yake ba da labarin 'yarsa.

Duk wanda ya yi aiki da Dattijuwa ya shaide ta da iya ba da rahoto. Kowace manhaja tana iya rubuta abin da ke faruwa a cikinta yayin da take aiki, don in ta lalace a san daga ina. Masu sana'ar suna kiran wannan rubutu log. A farkon zamansu, lokacin Mubina ba ta goge ba, rahoton marigayiyar bai wuce “nan”, “nan kuma”, “wayyo” ba, wanda ko ita da ta sa a faɗi haka ba ta gane shi bayan sati. Sannu a hankali ta yi mata tarbiyya. Ta zama ba ta buɗe baki sai ta faɗi lokaci, ta faɗi wurin da abin ya faru, ta faɗi abin da ake cikin yi. Ta san bambancin labari da gargaɗi da ihun neman agaji, ba ta haɗa su a murya ɗaya. Kowace tafiya tana da lambarta, ta yadda za a bi zaren mota guda daga Kwanar Gafan ta Kano har Ketu ta Legas ba a ruɗe da ta wani ba. Ba ta da surutun banza. In cikinta ya cika, tsohon zance take zubarwa ta bar sabo. Uwa uba, ba ta taɓa tona asirin kowa ba. Lambar wayar direba, ko kalmar sirrinsa, ko sunan mai kaya, ba a taɓa tsintarsu a rubutunta ba, ko da Mubina ce ke karantawa.

Jarrabawa ta zo ne a tsakiyar kakar tumatir ta bana. Inakake ta kamu da wani ciwo da ba ya tashi sai a hanya. Mota na wuce Jebba sai manhajar ta ɗauke a wayar direba, amma a wajen mai kaya ta ci gaba da nuna ana tafiya lafiya. Da haka motar da ta ɗauko kayan Iyatu ta lalace a dajin Ogbomosho, ita kuwa tana kasuwa da 'yan dakonta tana kallon waya tana cewa sun kusa. Ranar da motar ta iso, ruwa ne ke zuba daga kwanduna. Iyatu ba ta yi faɗa ba. Ta dai daina shigowa gidan Malam Barau ɗiban wuta da hira, wannan kuwa ya fi wa Mubina ciwo.

Shugaban ƙungiyar, Alhaji Ɗanbaba, ya kira ta rumfarsa.

“'Yata, mahaifinki mutumina ne,” in ji shi. “Amma abin da ba ya magana ya fi mana abin da zai yi mana ƙarya. Ki gyara kafin kaka ta wuce, in ba haka ba mu koma kiran waya.”

Ta ce, “In sha Allahu, Alhaji.” Ba ta gaya masa cewa ba ta san me za ta gyara ba. Wayoyin direbobi ba sa rubuta komai, domin tun farko sun yi ƙorafin manhajar tana cinye musu data da wuri, ta rufe musu rahoton don a zauna lafiya. A Agege kuwa ciwon ya ƙi tashi. Ta hau danfo, bas ɗin haya ta Legas, da Dattijuwa zuwa Isolo, ta shiga ƙarƙashin gada, ta naɗe ta a ledar goro ta sa a tukunya don sabis ya ɗauke. Lafiya ƙalau.

Sai ta yanke shawarar tura ta Arewa. Salissou, wani direba mutumin Maraɗi mai yawan fara'a, ya yarda zai tafi da ita ya dawo da ita. Mubina ta buɗe mata rahoto gaba ɗaya. Ta so ta ƙara yadda duk inda aka sami sabis za ta riƙa turo abin da ta rubuta gida, amma motar na shirin tashi, aikin kuma ba na sa'a ɗaya ba ne. Ta ce a ranta ai in ta dawo an karanta. Ta goge mata gilashi da gefen mayafi, ta miƙa ta ta tagar mota.

A hanyar dawowa Salissou ya kira daga Ilori.

“Madam, ta yi abin! Muna tsallake gadar Jebba ta yi shi, ina kallo. Tawa ta ɗauke, tsohuwarki ma ta ɗauke ta dawo.”

Mubina ta zauna a kan dakalin ƙofar gida cike da murna. Dattijuwa ta gani. Ta rubuta lokaci, ta rubuta wuri, ta rubuta dalili, kamar yadda aka koya mata.

Sun shigo Legas da rana mai ƙuna. Marigayiyar tana gaban mota a jikin gilashi, maƙale da cajar motar tun daga Kano. A Ojota aka tsaya cak. Salissou ya ce ya ji ta yi “zzz” sau ɗaya, dogo, wanda bai taɓa jin irinsa ba. Da ya duba, bayanta ya kumbura ya ɓalle, hayaƙi na fita. Ga mutane a gaban mota, ga jarkar mai a ƙarƙashin kujera. Ya kama ta da tsumma ya wurga ta waje. Wata danfo da ta samu 'yar kafa ta bi ta kai. Iyalan suna shaida wa jama'a cewa ba su riƙe shi da komai ba. Shi ne ma ya sauka a tsakiyar titi, ana zaginsa da Yarbanci, ya tsince ta a hularsa.

An garzaya da ita wajen Kamal mai gyara a kasuwar waya ta Ikeja. Ya sa madubi ya duba 'yar ƙwayar da ke riƙe da ajiya, ya ga ta rabe biyu. Mubina ta roƙe shi ya gwada ko layi ɗaya ne.

“Anti, e don go,” ya ce da Turancin buroka, wato ta riga ta tafi. “Ko wanda ya ƙera ta ba zai ji komai daga bakinta ba.”

Kafin ta koma Agege labari ya riga ta zuwa tasha, kuma ya canza kama a hanya. Yanzu cewa ake yi manhajar 'yar gidan Barau tana sa waya ta kama da wuta. Ta bi direbobi mota mota tana bayanin cewa tsohon batir ne da zafin rana. Suka saurare ta da ladabi, ba wanda ya yarda ya sake ɗaukar mata wata waya, ko da za ta samu aro. Alhaji Ɗanbaba bai kira ta ba wannan karon, sai ya aiko wa mahaifinta da gaisuwa.

Marigayiyar ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif a wuya, da riga ta roba wadda ba za ta shiga kowace wayar zamani ba, da abokiyar aikinta kwamfuta, ita ma fankarta na tari. Ta bar Inakake a kwance, ba mai sanin ciwonta. Ta bar Mubina, wadda har yanzu takan jona cajar a bango da safe kafin ta tuna.

Za a yi mata rakiya ranar Asabar bayan la'asar, daga gidan Malam Barau zuwa wajen masu sayen tsofaffin ƙarafa da ke bakin layin dogo. Ba za a yi zaman makoki ba, domin Mubina za ta fara zama a shagon cirar kuɗi na mijin Kalsum daga ranar Litinin. Wanda ba zai sami halarta ba, in har yanzu yana da manhajar a wayarsa, ana roƙonsa ya yi ta'aziyyarsa daga inda yake. Ya danne hoton manhajar da yatsa har ya motsa, ya zaɓi gogewa. Wayar za ta tambaye shi ko ya tabbata. Mubina ta ce ya amsa da eh.